Daga Malam-Buɗe-Littafi Zuwa Gidan Sauro: Tarihin Sunayen Tanti a Ingilishi

Kalmar tanti da muke amfani da ita aro ce daga Ingilishi, to amma su ma Turawan Ingila aro suka yi. Bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na mayaƙa, sai kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Ingilishi. Ta nan ne "tent" ta shigo wajen shekarar 1300. Tushenta kalmar Latin ce "tendere", wato ɗame abu. Ke nan duk ƙyalle ko fatar da aka ɗame bisa sanduna domin a kwana ciki, sunanta ke nan.

Ita kuwa "pavilion" daga "papilio" ta fito, wato malam-buɗe-littafi, saboda gefunan tantin sun yi kama da fukafukansa. Wannan ba ta talaka ba ce, ta sarakuna ce. Irinta aka kakkafa a 1520, lokacin da Sarki Henri na Takwas na Ingila ya gana da Sarki Faransis na Ɗaya na Faransa kusa da garin Kale. A yau har ginin 'yan wasa a filin kurket ana kiran sa da wannan suna.

"Marquee" kuwa kuskuren ji ne ya haife ta. A ƙarshen ƙarni na 17 Ingilawa suka ji Faransawa suna cewa "marquise", suka zaci sautin ƙarshen alamar jam'i ce, sai suka yanke shi. Yanzu a Ingila ita ce babbar rumfar biki.

Inda mai fassara ya fi zamewa shi ne "bivouac". Asalinta daga Jamusancin Suwizalan ne, ma'anarta ƙarin gadin dare. Ta ratso Faransanci ta shiga Ingilishi a farkon ƙarni na 18, daga baya ta koma nufin kwanan soja a fili ba tare da tanti ba. Wanda ya fassara ta da tanti, ya ba sojan inuwar da marubucin ya hana shi.

Sai "canopy", wadda muka mayar kanofi. A Girkanci "konops" sauro ne, kuma kalmar ta fara ne da nufin gado mai gidan sauro. Yau rufi ce kawai marar bango.

Kada mai karatu ya yi mamaki, domin mu ma haka ta faru gare mu. Laima daga Larabci "alkhaima" ta zo, wato tanti, amma yau abin tare ruwa da rana ce.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, kafin mu rubuta tanti mu tambayi kanmu: wa ke ciki, sarki ko soja? Kwana za a yi ko biki? Hausa tana da rumfa, da bukka, da zango, da sansani, kowacce da muhallinta.