Rikicewar Bugun Zuciya

Rikicewar bugun zuciya ita ce zuciya ta riƙa bugawa da gaggawa, ko a hankali ƙwarai, ko ba bisa tsari ba. Zuciyar baligi mai lafiya kan buga sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa.

Jijiyoyi biyu ne ke ciyar da tsokar zuciya da jini. A wajen yawancin mutane, ta dama ce ke kai jini ga ƙullin da ke tsara bugun, shi ya sa toshewarta kan rage saurinsa har mutum ya suma. Toshewar reshen gaba na ta hagu ta fi haɗari, domin tana iya jawo mutuwar farat ɗaya.

A Nijeriya, hawan jini ne kan gaba wajen lalata zuciya. Na'urar ECG, mai auna bugun zuciya, ita ce ke nuna irin rikicewar bugun.