Turmi da Injin Niƙa a Yammacin Zamfara

A zamanin da, a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, bayan kiran salla ba abin da ake fara ji sai amon taɓarya. Uwargida ta surfa gero, ta bakace, ta wanke, sa'an nan ta durƙusa bisa dutsen niƙa. Kafin manoma su komo ta daka fura, ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka. Ran kasuwa kuwa a ɗora tanda a toya masa.

Da injin niƙa ya zo, mata suka sami sauƙi ƙwarai.

Amma sa'ad da zinariya ta yi tsada, sai aka riƙa kawo duwatsunta cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a inji. Ashe da dalma a ciki. Ƙurar ta sauka inda ake girki, inda yara ke rarrafe. A shekarar 2010 likitoci suka gano gubar a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Yara wajen 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidajen, aka hori mutane su mai da aikin bayan gari.

Turmin abinci dai na abinci ne kaɗai.