Giɓi a Bakin Tunkiya: Daga Zargin Ƙasa Zuwa Zargin Ƙwayoyin Cuta

Tunkiya ba ta da haƙoran gaba a sama. Guda takwas ne a ƙasa, waɗanda take danna ciyawa da su a kan wani tattauran dasashi kafin ta fizge. Idan suka fara girgiɗi, kiwo ya gagara, sai rama ta biyo baya, nono ya ragu, ɗan da take shayarwa ya tsumbure. Mai sayen ragon layya yana buɗe baki ne don ya san shekaru. Makiyayan tsaunukan Sikotland da na Niyu Zilan kuwa suna buɗewa ne don su yanke hukunci: wadda ta yi giɓi a fitar da ita kasuwa a kan araha, ko da tana da sauran shekarun haihuwa.

An daɗe ana ɗora laifin a kan ƙasa da abinci. Wasu suka ce ƙarancin sinadaran gina ƙashi ne, wasu suka ce taurin saiwoyin da ake ciyar da dabbobin da su lokacin hunturu. Magungunan da aka gwada ma sun bi wannan fahimta. A Ostareliya har an riƙa goge haƙoran da inji don a daidaita tsawonsu, aikin da Birtaniya ta haramta daga baya saboda azabar da ke cikinsa.

Abin da ya jinkirta gano bakin zaren shi ne halin ƙwayoyin da kansu. Tun 1683 Antonie van Leeuwenhoek na Holand ya hango ƙananan halittu a dattin haƙoransa, amma masu zama a ƙarƙashin dasashi iskar oksijin tana kashe su, don haka suna mutuwa kafin a raine su a ɗakin gwaji. Mafita ta fito ne daga cikin dabbobi masu tuƙa: a wajajen 1950 Robert Hungate, Ba'amurke mai nazarin tumbin shanu, ya kyautata dabarar rainon ƙwayoyin da ba sa jure iska.

A shekarun 1980 masu bincike a Niyu Zilan suka duba aljihun da ke buɗewa tsakanin haƙori da dasashin tumaki masu giɓi. Suka tarar da bakteriya masu yin baƙi idan an raine su a kan jini, dangin waɗanda likitocin haƙori ke zargi a bakin ɗan Adam. A lokacin ana kiransu Bacteroides. A 1988 aka ware wasunsu aka ba su sunan Porphyromonas, a 1990 kuma wasu suka koma Prevotella. Cibiyar Moredun ta Edinbura, a nata ɓangaren, ta bi diddigin yadda kumburin ke cin jijiyoyin da ke riƙe haƙori har ƙashin muƙamuƙi ya zaizaye. Ashe haƙorin kansa lafiyayye ne, gindinsa ne ke ruɓewa.

Sai dai samun ɓarawo a kasuwa ba ya nufin shi ya yi satar. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan ana samunsu a bakin lafiyayyar tunkiya ma, kuma cutar takan addabi wata gona ta bar maƙwabciyarta. A nan ne labarin Burazil ya shigo. Can Jürgen Döbereiner da abokan aikinsa sun lura cewa makamanciyar cutar a maruƙa, wadda ake kira cara inchada, wato kumburarriyar fuska, tana ɓarkewa a makiyayar da aka sare daji kwanan nan, ta lafa bayan shekaru, kuma maraƙin da aka mayar wata makiyaya yakan samu sauƙi. Daga baya Ana Carolina Borsanelli da Iveraldo Dutra suka gano Porphyromonas da Prevotella a dasashin tumakin ƙasar ta hanyar gwajin ƙwayoyin gado.

Tsofaffin makiyayan da suka zargi ƙasa ba su yi kuskure gaba ɗaya ba ke nan. Fahimtar da ta fi rinjaye yanzu ita ce wani abu a kiwo yana rikita zaman ƙwayoyin baki, masu cutarwa su yi yawa, garkuwar jikin dabbar ta mayar da martanin da ke cinye ƙashinta. Rigakafi dai babu shi har yau, kuma kowace kaka makiyayi yana buɗe bakin tumakinsa ɗaya bayan ɗaya, yana ware waɗanda za su tafi kasuwa.