Sarki Tanimun da Igwar Zinder: Abin da Mai Ƙaramin Jari Zai Koya

Zancen da ya cika bakin samarinmu yanzu shi ne kafa sana'a. Wanda ya gama sakandare bai samu aikin gwamnati ba yana son buɗe shagon gyaran waya, wata tana son injin ɗinki, wani kiwon kaji. Misalan da suke ji a intanet kuwa duka na Amurka ne da Sin. Ni da nake koyarwa a nan Hamdara, cikin ƙasar Mirya, gani nake muna da misali a ƙofar gida wanda iyaye da malamai ba mu cika amfani da shi ba: yadda Damagaram ta tashi daga ƙaramar sarauta mai kai gaisuwa Borno ta zama ƙasar da Kano kanta ke shakka.

Sulaiman ne ya mai da gadon sarauta Zinder a farkon ƙarni na 19, lokacin garin bai fi ƙauye ba a tsakanin duwatsu. Ɗansa Ibrahim ya gaje shi. A 1841 ƙanen Ibrahim, Tanimun, ya karɓe sarauta, amma bai wuce shekara biyu ba, domin Borno ta tsaya wa Ibrahim, aka mai da shi a 1843. Tanimun ya yi shekara takwas a gefe. Da ya dawo a 1851 sai da ya yi shekara talatin da uku a kan karaga, har 1884.

Waɗannan shekaru takwas su nake so malamai su tsaya a kai in suna ba da labarin. Mutumin da ya dawo ya riga ya ɗanɗana ƙarfin Kukawa, ya san ba da zafin kai ake kayar da babba ba. Bai fito fili ya ce ya fita daga ƙarƙashin Shehun Borno ba. Ya bar sunan biyayya a inda yake, ya shiga tara abin da zai sa biyayyar ta zama ta fatar baki. Ya kewaye Birni da ganuwa. Ya ƙarfafa ikonsa a kan ƙasashen Sosebaki, wato Mirya da Dungas da Washa, daga baya ya haɗa da Muniyo. Yaro mai sabon shago da ke son ya ga bayan babban ɗan kasuwar unguwa cikin wata uku ya kamata a karanta masa wannan babi.

Sai maganar makamai, wadda a ganina ita ce zuciyar labarin. Sarakunan zamanin duk suna sayen bindiga daga fataken arewa, masu ratso Sahara daga Tarabulus. Wanda ya dogara da saye kuwa, ranar da ayari ya makara ko mai kawowa ya ƙi, hannunsa ya ɗaure. Tanimun ya saya kamar kowa, amma ya sa maƙeran Zinder su zuba igwa da tagulla, a kuma haɗa albarushi a gida. Ba igwa ce mai kyau kamar ta Turai ba, kuma ba sai ta yi kyau haka ba. Ƙararta kaɗai ta isa ta firgita dawakin da ba su taɓa jin irinta ba, garin da ke fahariya da ganuwarsa kuma ya sake lissafi. Maƙeran nan ba daga sama suka faɗo ba, masu ƙera fartanya da wuƙa da kayan doki ne aka ba wa tagulla da lokaci da damar gwadawa. Nakan tuna da su duk lokacin da na ji uba yana faɗa wa ɗansa don ya kwance tsohuwar rediyo yana neman ganin cikinta.

Igwa ba ta ciyar da gari. Abin da ya ciyar da Zinder shi ne ta zama wurin da fatake ke son saukewa. Heinrich Barth, Bajamushen da ya sauka garin a ƙarshen 1852, ya ɗauke shi ƙofar shiga ƙasar Sudan ga mai zuwa daga arewa. Abzinawan Kel Ewe masu raƙuma sun yi mazauni a Zango, wajen ganuwa, suna kawo gishirin Bilma da dabino, suna komawa da hatsi da tufafi. Larabawan Tarabulus da Gadamas suna da wakilai. Sarki ya gane cewa baƙon da ya kwana lafiya ya sayar lafiya zai dawo baɗi da abokinsa, kuma wannan ya fi ƙwace masa kaya yau riba. A wannan inuwa ne attajirai irin su Malam Yaro suka taso, har harkarsu ta kai Kano da Tarabulus.

Kasuwar ma ba ta tsaya a kaya ɗaya ba. A shekarun 1870 gashin jimina ne ke tashe, matan Turai na ado da shi, ana kawo shi daga Damargu. Da Turawan Afirka ta Kudu suka shiga kiwon jimina, kuɗinsa ya faɗi. Fatake suka karkata ga jemammiyar fatar akuya, wadda ta bi ta Tarabulus har Amurka. Majeman Zinder suka samu aikin da ba su taɓa samu ba.

Akwai abin da ba na yarda a ɓoye wa ɗalibai. Wani babban ɓangare na wannan arziki da bayi aka gina shi. Ana kai hari a kamo mutane, wasu a sayar arewa, wasu a zuba su gonakin sarki da cikin dakaru. James Richardson, Baturen Ingila da ya zauna Zinder a farkon 1851, ya rubuta abin da ya gani na wannan ciniki a zamanin Ibrahim, kuma bai tsaya da hawan Tanimun ba. In za mu yabi hangen nesan sarki a aji, sai mu faɗi su wa suka biya kuɗinsa, tun da jikokinsu na zaune a kan benci ɗaya da jikokin masu sarauta.

Hangen nesan kuma yana da iyaka. Tanimun ya tsara ganuwa da makami da kasuwa, amma bai bar gadon sarauta a daidaice ba. Da ya rasu a 1884, Ibrahim Goto bai cika shekara ba Sulaiman ɗan A'isha ya maye shi. Amadu Kuran Daga, wanda ya hau a 1893, ya gaji rundunar da har ta kai yaƙi ƙasar Kano, amma a zamaninsa aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder a 1898, Faransawa suka zo a 1899 suka ci nasara a Tirmini. Igwar da ta tsorata maƙwabta ba ta yi wa sojan Faransa komai ba.

Abin da ya karya kasuwar kuwa ba yaƙi ba ne. Dukan ginin a kan hanya guda ya tsaya, ta raƙumi zuwa Tarabulus. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a shekarar ce kuma Italiya ta afka wa Tarabulus. Kayan da ke yin watanni a Sahara suka koma shigowa ta teku da rahusa, fata ta juya kudu, gyaɗa ta biyo baya. A 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Zinder zuwa Yamai. Ganuwa ta zube, saura guntaye. Majema da dukawa dai suna nan suna aiki a Zinder har yau.