GMC CCKW

GMC CCKW babbar motar ɗaukar kaya ce ta sojojin Amurka, wadda aka ƙera daga shekarar 1941 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Reshen manyan motoci na kamfanin General Motors ne ya ƙera ta a garin Pontiac da ke jihar Michigan, sannan aka ƙara da wata masana'anta a St. Louis. An ƙera sama da guda 560,000. Sojoji sun yi mata laƙabi da "Jimmy".

Kowane harafi a sunan yana da ma'ana: C na farko yana nuna ƙirar shekarar 1941, C na biyu yana nufin kan motar yana bayan inji kamar yadda aka saba, K yana nufin duka ƙafafun suna ja, W kuma aksul biyu a baya.

Ƙira da inji

Ba a zana motar daga tushe ba. Injiniyoyin sun ɗauko inji da kan mota da wasu sassa daga motocin kasuwanci da kamfanin yake ƙerawa tun kafin yaƙin, domin masana'antu su ci gaba da aiki da na'urorin da suke da su. Injin mai silinda 6 ne a jere, girmansa lita 4.4, yana shan fetur, ƙarfinsa kuwa bai wuce na doki 90 da 'yan kai ba. Wannan ƙaramin ƙarfi ne ga mota irin wannan, sai aka cike giɓin da giya: giyabos mai giya 5, haɗe da wani akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, mai babbar giya da ƙarama. Motar tana hawa tudu da kaya, amma gudunta ya tsaya a kusan kilomita 72 cikin sa'a. Dizal ya fi fetur auki, sai dai yawancin motoci da tankokin yaƙin Amurka fetur suke sha, kuma jigilar mai iri ɗaya zuwa fagen daga ta fi sauƙi.

Nauyin da aka ƙayyade mata tan biyu da rabi ne, amma wannan ma'aunin jeji ne, inda babu hanya. A kan kwalta tana ɗaukar kusan ninkinsa. Tayoyinta 10 ne, biyu a gaba, takwas a baya bibbiyu. Tayoyin bibbiyu suna rarraba nauyi sosai a kan titi, amma laka da duwatsu kan maƙale a tsakaninsu, kuma ba sa bin sawun tayar gaba a cikin yashi. Motar DUKW mai shiga ruwa, wadda aka gina kan sassan CCKW, tayoyi ɗai-ɗai masu faɗi aka sa mata.

An yi ta a tsawo biyu: doguwa mai lamba 353 domin kaya da sojoji, da gajera mai lamba 352 wadda ta fi saurin juyawa, ana jan igwa da ita.

Sauye-sauyen lokacin yaƙi

Yawancin canje-canjen da aka yi wa motar ƙarancin kaya ne ya jawo su. Motocin farko suna da rufaffen kai na ƙarfe. Zuwa 1943 an koma buɗaɗɗen kai mai rufin tamfol, wanda ya rage cin ƙarfe, ya rage wurin da motar ke ci a cikin jirgin ruwa, ya kuma ba da damar kafa bindiga mai sarrafa kanta a saman wasu motocin. Direba ne ya ɗanɗana kuɗarsa a lokacin sanyin Turai. Bodin ma haka: daga ƙarfe aka koma katako a 1942, sannan a 1944 aka haɗa katako da ƙarfe.

Kamfanin Timken bai iya samar da isasshen aksul ba, don haka General Motors ya riƙa yin nasa. Adadin motoci ya ƙaru, amma makanikai suka wayi gari da nau'i biyu da kayan gyaransu ba sa shiga juna.

Aiki a fagen yaƙi

An fi tuna motar da jigilar Red Ball Express a Faransa, daga 25 ga Agusta zuwa 16 ga Nuwamba 1944. Layin dogo ya lalace, sai motoci kusan 6,000, galibinsu CCKW, suka riƙa kwasar mai da harsashi da abinci daga gaɓar Nomandi zuwa bakin daga. Kusan kashi uku cikin huɗu na direbobin baƙaƙen fatar Amurka ne. Lodi fiye da ƙima, da gudu, da rashin lokacin gyara sun cinye tayoyi da injuna masu yawa.

An sake amfani da ita a Yaƙin Koriya. Daga farkon shekarun 1950 motocin M35 da M135 suka fara maye gurbinta, wasu nau'o'in M35 na baya kuma suka zo da injin da ke iya shan mai iri-iri.