Tiyatar maƙoƙo: Hanyoyin ɓoye tabo da waɗanda suka dace da su

Maƙoƙo kumburi ne na wata halitta da ke gaban wuya, wadda likitoci ke kira tayirod. Ƙarancin sinadarin aidin na daga cikin manyan dalilansa, shi ya sa Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri tun 1993. Ya fi kama mata. Ana yin tiyata idan ya danne maƙogwaro, ko ana zargin ciwon daji.

Tsohuwar hanya ita ce a tsaga gindin wuya a kwance. Likitan Suwizalan Theodor Kocher ne ya daidaita ta, har ya samu kyautar Nobel a 1909. Aibinta tabo, wanda a baƙar fata yakan yi tudu.

Domin rage tabon, Paolo Miccoli na birnin Pisa a Italiya ya ɓullo da tiyata da kyamara a ƙarshen shekarun 1990, ta tsagar da ba ta wuce santimita 2 ba. A Koriya ta Kudu kuwa ta hammata ake shiga da na'urar mutum-mutumi: wuya ya tsira, amma hanyar ta yi nisa, aikin ya daɗe, kuɗin ya ƙaru. A 2016 Angkoon Anuwong na Tailan ya wallafa sakamakon mutum 60 da ya yi wa aikin ta cikin leɓen ƙasa. Babu tabo a fata, sai dai leɓe da haɓa kan iya yin sanyi na wani lokaci.

Abin lura shi ne, wurin tabo kawai waɗannan hanyoyi suka sauya. Haɗarin taɓa jijiyar murya, wanda ke dusashe ta, yana nan. Haka ma faɗuwar sinadarin kalsiyam. Wanda aka cire wa tayirod gaba ɗaya kuma zai sha ƙwayar levothyroxine har ƙarshen rayuwarsa, ko ta ina aka bi.

Sannan ƙaramin maƙoƙo suke so. Hanyar Miccoli ta fi dacewa da ƙululun da bai wuce santimita 3 ba ko kusa da haka, ta leɓe kuma santimita 5. Matar da ta shekara goma da kumburi a Kabo ko Gwarzo, tana rufe shi da mayafi, galibi ta wuce wannan ma'auni kafin ta kai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tsohuwar hanya ce tata, kuma a hannun ƙwararre ba ta gaza sababbin ba.

Don haka tambayar da ta dace a yi wa Ma'aikatar Lafiya ta Kano da wakilan yankin ita ce: shin a Babban Asibitin Gwarzo ana samun hoton sikanin na wuya da gwajin jinin tayirod, ko sai an yi tafiyar kimanin kilomita 70 zuwa birni?