Takardar 'Yancin Amurka a Hannun Masu Firam

Da yawa daga cikinmu ɗalibai, ran da muka karɓi takardar digiri, abin da zai fara faɗo mana a rai shi ne mu kai ta shagon masu sa hoto a firam, a rufe ta da gilashi, a rataye a falo. Ba kasafai ake tambayar shekara nawa mai shagon ya yi a sana'ar ba, don gani ake yi aikin bai wuce yankan katako da gilashi ba. Wannan ne ya sa na ga ya dace in kawo wa masu karatu tarihin wata takarda guda, watau Takardar Shelar 'Yancin Kai ta Amurka, da irin wuyar da ta sha a hannun waɗanda suka yi niyyar adana ta.

A kan fata aka rubuta ta a shekarar 1776, mutum 56 suka sa mata hannu. Tsawonta ya kusa inci 30. Lokacin yaƙinsu da Ingila an yi ta yawo da ita a nannaɗe daga gari zuwa gari, kuma a 1814 an fitar da ita daga Washinton kafin sojan Ingila su cinna wa gine-ginen gwamnati wuta. Duk wannan ta tsallake.

Babbar ɓarna ta zo ne a zaman lafiya. A 1841 aka kai ta Ofishin Rajistar Ƙere-ƙere, aka sa ta a firam, aka rataye ta a bangon da ke fuskantar wata doguwar taga. Nan ta yi shekara 35 rana tana dukanta, sanyi da zafi suna musaya a kanta. Masu wannan aiki ba mugunta suka nufa ba, so suke jama'a su gani. Amma duk wanda ya daɗe a sana'ar firam ya san hasken rana yana cin tawada, ya kuma san fata tana miƙewa idan ta sha danshi, ta ƙanƙance idan ta bushe. Da aka kai ta Filadelfiya a 1876 don bikin cika shekara 100, jama'a suka tarar sunayen da ke ƙasanta sun dushe ƙwarai. Daga can aka mai da ita laburaren Ma'aikatar Harkokin Waje, ɗakin da ake hura wuta a murhu, ake kuma shan taba. Sai a 1894 aka haƙura da nuna ta, aka kulle ta a akwatin ƙarfe.

A 1921 ta koma hannun Laburaren Majalisar Dokoki, a 1924 aka sake fito da ita cikin gilashi mai tace haske. To, a nan ne aka yi abin da ya fi ba ni mamaki. Kusurwarta ta sama daga dama ta yage, wani kuwa ya ɗauko salatif, irin wanda muke liƙe littafi da shi, ya manna. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu aka ɓoye takardar a sansanin Fot Nos a ƙarshen 1941. A 1942 aka kira gwanaye biyu daga gidan adana zane-zane na Jami'ar Habad, George Stout da Evelyn Ehrlich. Suka iske salatif ɗin ya rine ya koma launin maɗi. Kwana biyu suka yi suna ɓamɓare shi, suna kankare gam da aka lafta, kafin su mai da kusurwar mazauninta. Mai salatif kuwa ina jin ko minti biyar bai ɓata ba! Ƙa'idar gwanayen sana'ar ita ce kada a yi wa takarda abin da ba za a iya warwarewa ba. Shi ya sa suke amfani da siririyar takardar Japan da gam ɗin sitacin alkama ko na shinkafa, wanda ɗan danshi kaɗai ke sakinsa.

Su ma masana ba a rana ɗaya suka iya ba. A 1951 Hukumar Ma'aunai ta Ƙasa ta rufe takardar cikin akwatin gilashi mai iskar hiliyom, aka ɗauka an gama. Ranar 13 ga Disamba, 1952, sojoji suka raka ta zuwa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa. Bayan shekara arba'in da 'yan kai sai aka lura gilashin kansa ya fara lalacewa, ga shi kuwa akwai falle ɗaya da ke kwance a kan fatar. A 2001 aka cire ta, a 2003 aka mai da ita cikin sabon firam na ƙarfen titaniyom da alminiyom, mai iskar agon, wanda gilashinsa ba ya taɓa rubutun, kuma ana iya buɗe shi a duba a rufe.

Wanda ya je Washinton yau zai same ta a ɗaki mai ƙarancin haske. Babban sa hannun John Hancock yana ɗan ganuwa, amma yawancin sauran sunayen sai an ƙura ido. Hotonta mai kyau da ake gani a littattafai daga kwafin da William Stone ya sassaƙa a farantin tagulla a 1823 aka samo shi.